Sawun da Aka Auna

Ranar da za a fara jarrabawar tankaɗe da rairaya muka wayi gari babu Tabarau.

Ni ce uwar ɗakin kwanan ƴan mata a makarantar kimiyya ta gwamnati, irin wadda ake tsinto yara masu kaifin ƙwaƙwalwa daga ko'ina a tara su wuri guda. Aikina in tashe su, in yi musu faɗa, in rarrashi mai kukan gida. Da safen nan na shiga ina bubbuga ƙarfen gadaje kamar kullum, sai na iso gadon ƙarshe, na Tabarau, na tsaya cak. Gidan sauro a yage, zanin gado a ƙasa, ragar tagar da ke bayan gadon an yanke ta. A ƙarƙashin tagar ga tabaran yarinyar, ido ɗaya a fashe. Yarinyar da ko tafin hannunta ba ta gani sai da gilashin nan, shi ya sa ma sunan ya bi ta.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga yara sun yo kaina. Ƙawarta Doguwa, mai kwana a gadon sama, ta sauko, ta ce ita ba ta ji komai ba, barci ya sace ta a kan littafi. Na leƙa ta tagar. A kan rairayin da ke bayan ɗakin, sawun wasu manyan takalma ya miƙe sambal ya nufi katanga.

Kafin rana ta ɗaga labari ya gama gari. Iyaye suka cika bakin ƙofa, kowa yana kiran sunan ɗiyarsa ta tsakanin ƙarafuna. Shugabar makaranta ta ɗage jarrabawa, Sufeton ƴan sanda ya zo ya rufe ƙofa, ya ce ba shiga ba fita. Mutum ɗaya ya bari ya shigo, mahaifin yarinyar. Mai walda ne, hannuwansa duk tabon wuta. Tun ranar da ƴarsa ta ci jarrabawar shiga makarantar nan unguwarsu ta raɗa masa Baban Likita, shi kuma yana amsawa da ƙarfi, har a ƙofar shagonsa ya sa an rubuta. Ranar kuwa ko gaisuwa bai iya amsawa ba. Ya karɓi fasasshen tabaran ya riƙe a tafin hannu yana kallo.

Sufeto ya aika aka ɗauko Mai Sawu. Dattijo ne siriri, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ɓarayin itace da na dabbobi. Wallahi da na gan shi na raina shi, don tafiya yake kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ya ce a ba shi mutum ɗaya da ya san lungunan makarantar. Shugaba ta nuna ni, wai babu ramin ɓeran da ban sani ba. Na ce to, ai gara a yabe ni da ɓera da a bar ni zaune ina jiran mugun labari.

Ya tsuguna a gindin tagar ya daɗe. Ya sa yatsa a cikin sawun ya ji zurfinsa, ya bi shi a hankali har katanga, ni ina biye kamar jela.

"Takalmin roba ne mai dogon wuya," in ji shi. "Takun na dogon namiji ne. Kuma ya nutse da yawa, da kaya a jikinsa."

"Wane irin kaya, Baba?" na tambaya, alhali na san amsar.

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da idonsa kan sawun.

A bayan katangar kwalta ce, sawu ya ƙare. Amma a cikin ciyawar gefen titi wani ɗan sanda ya tsinto takalman, an yi jifa da su. Kowa a makarantar ya san su, na Mai Lambu ne, dogon mutumin da ke ba furanni ruwa yana waƙa shi kaɗai. Kafin a ce kwabo ma'aikata sun yi masa ca. Wani ya ce dama idonsa bai kwanta masa ba, wata ta ce ta taɓa ganinsa yana kallon tagogi. Mutanen da jiya suka ci abinci kwano ɗaya da shi! Yana rantsuwa cewa a rumfar lambu yake barin takalman, wani ya kwaɗa masa bokiti a goshi. Da ƙyar Sufeto ya ƙwace shi ya tura cikin mota, jini na bin fuskarsa. Daga waje iyaye suka fara jijjiga ƙofa suna cewa a miƙo musu shi.

Mai Sawu ya tsaya yana kallon motar, fuskarsa ba daɗi. "Bakina ne ya fasa masa kai," ya ce da ni. "Muje in ji ta bakin mutane."

Maigadi muka fara samu. Ya rantse bai runtsa ba, karnuka ma ba su yi haushi ba.

"Karnukan nan suna yi wa Mai Lambu haushi?" in ji Mai Sawu.

"Kamar su cinye shi. Ya taɓa jifan babban da dutse, har yau ba su yafe ba."

"Ɗalibai fa?"

"A'a, su ai abokansu ne. Su ke ba su ragowar abinci."

Daga nan sai Malamin Fiziks, don wata yarinya ta tsegunta cewa an ji shi yana ɗaga wa Tabarau murya. Mun same shi a ofis ya dafe kai. Matashi ne mai zafin koyarwa, yara na tsoronsa suna kuma son darasinsa. Bai ɓoye ba.

"Na yi mata faɗa, Baba. Gwajin da ya wuce ta faɗi, na kafin shi ma haka. Dokar makarantar nan kuwa, wanda ya kasa a wannan jarrabawa gida za a mayar da shi. Na ce mata ta farka tun kafin ta ga jakarta a bakin ƙofa. Don ta yi ƙoƙari na faɗa."

"Me ta ce?"

"Ta tambaye ni ko wanda bai samu zama jarrabawar ba saboda wata lalura shi ma ana korarsa. Na ce a'a, wannan akan ba shi shekara guda ya sake shiri."

Sufeto, da ya biyo mu, ya gyara tsayuwa ya tambayi Malam inda ya kwana. Na ga zargi ya tashi daga kan mai lambu yana neman sauka a kan malami. Haka ranar ta kasance, duk wanda aka kalla sau biyu sai ya zama ɓarawon mutane.

Doguwa muka gani a ƙarshe. Tana zaune a bakin gadonta, idanu sun kumbura. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, Tabarau kuwa tun shigowarsu take manne da ita, tare suke cin abinci, tare suke aikin gwaji. Mai Sawu ya tambaye ta a hankali ko ƙawarta tana da wanda take tsoro.

"Babanta," ta ce, sai ta yi saurin gyarawa. "Ba dukanta yake ba, Baba. Son ta yake yi da yawa."

Muna fitowa muka ji hayaniya a bakin ƙofa. Motar ruwa ce ta iso. Makonni ke nan injin rijiyarmu ya lalace, babban tankin ƙasa da ke bayan kicin ya bushe ƙaƙas, da bokiti muke jido daga famfon maƙwabta. An yi ta alkawarin tanka har mun fid da rai, sai ranar da ba a shiga ba a fita ta ga damar zuwa. Sufeto ya ce ta jira a waje. Kuku ta fito da ludayi a hannu tana masifa, wai yara ɗari-ɗari ba su karya ba, ko so ake a ƙara mata gawa a kan ɓata. Muka bar su suna ja-in-ja.

Mai Sawu bai koma inuwa ba. Ya karyo wani siririn reshe, ya koma gindin tagar, ya auna daga dugadugin sawu na farko zuwa na biyu, ya karye reshen daidai tsawon. Ya ɗora a taku na gaba, ya zauna cif. Na gaba ma cif. Haka ya yi ta ja da gwiwa cikin rana, ni ina riƙe masa hula, har inda ƙasar ta yi gangare, har inda sawun ya kewaye wani kututture. Ko'ina reshen ya zauna kamar don wurin aka yanke shi.

Ya ɗago, zufa na ɗiga daga gemunsa. "Uwar ɗaki, kin taɓa ɗaukar yaron da ba ya so a ɗauke shi?"

"Ni da na yi renon ƙannena kaf? Ai sai ka yi ta tangaɗi kamar ɗan maye."

"To wannan mutumin ya saci budurwa, cikin duhu, cikin tsoro, amma takunsa bai ƙaru ba bai ragu ba ko da faɗin farce. A gangare ƙafa takan buɗe, a kwana takan tsuke. Na bi mutum, na bi dabba, ban taɓa ganin mai rai ya yi tafiya haka ba."

Ni dai ba zan ɓoye ba, aljanu na fara kawowa a raina. Shi kuwa ya kwantar da kumatunsa a ƙasa yana duban gefen sawun ta inda rana ke haskawa, sai ya kira ni. Wani siririn layi ne a kan rairayin, kamar an ja zare an ɗauke, kuma a gefen kowane taku akwai ɗan rami kamar na ƙusa.

"Na ga abin, amma ban san ma'anarsa ba," ya ce. "Kira min malamin nan."

Malamin Fiziks ya zo ya duƙa. Ya dubi layin, ya dubi ramukan, ya karɓi reshen ya gwada da tafin hannunsa.

"Darasina ne," ya ce da wata irin murya. "Zangon da ya wuce na fitar da su fili. Na koya musu yadda ake gane tsawon mutum daga takunsa, da nauyinsa daga zurfin sawunsa. Da zare da ƙusoshi muka yi, don awo ya fita daidai. Kullum ina ce musu wanda awonsa ya kauce ko kaɗan ba shi da maki." Ya nuna layin da ke kan rairayin. "Wani ya lissafa takun dogon namiji, ya ja zare, ya kafa ƙusa a kowane wuri, sannan ya sa takalman ya taka."

"Nauyin fa?" in ji Mai Sawu.

"In yarinya ta goya ƴar'uwarta, suka rataya jakar duwatsu, zai kai."

Mai Sawu ya miƙe ya tafi gindin katanga. Akwai kwatar siminti a nan, busasshiya, wadda ta bi jikin katangar ta zagaye makarantar. A bakinta ga ƴan duwatsu a zube, gefensu mai danshi yana sama.

"Takalman kawai suka tsallaka," ya ce. "Masu su ta kwatar nan suka koma, inda ƙafa ba ta barin shaida. Shi ya sa karnuka suka yi shiru. Yarinyar nan ba ta fita daga makarantar nan ba."

Wallahi maimakon in ji sanyi sai tsoro ya ƙara kama ni. Mun duba azuzuwa, mun duba banɗakuna da sito tun da safe. In tana ciki, a wane hali take da ba ta ji ana kiran sunanta?

A ɗakin gwaje-gwaje Sufeto ya tara mu: Shugaba, Malam, Maigadi, Mai Lambu da tsumma ɗaure a goshi, Baban Likita, da ƴan ajin su Tabarau a jere a bayan tebura. Mai Sawu ya ajiye reshensa a kan tebur ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara gishiri ba. Da ya gama ya juya wajen Mai Lambu ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe ni. Na karanta abin da aka rubuta don in karanta." Mai Lambu ya fashe da kuka kamar yaro.

"Malam," in ji Mai Sawu, "ranar darasin nan, wa ya fi kowa iya awon?"

Malam bai so ya faɗa ba, amma idonsa ya riga bakinsa. Duk ɗakin aka juya ana kallon Doguwa.

"Su biyu ne rukuninsu," ya ce a hankali. "Ita da Tabarau. Su kaɗai na ba cikakken maki."

Doguwa ta miƙe tsaye ƙiƙam. Ta ce ba ta san komai ba. Sufeto ya daka mata tsawa, Shugaba ta yi barazanar kora, ni na rarrashe ta har da kiranta ƴata, yarinyar nan ta kafe kamar an dasa ta. Baban Likita ya zo gabanta ya durƙusa, babban mutum da shi.

"Ƴata, ki dubi girman Allah. In tana da rai ki ce min tana da rai."

Hawaye suka zubo mata. "Tana lafiya, Baba. Ba abin da zai same ta, mun lissafa komai. Iska za ta ishe ta, da abinci, da ruwan sha. In an gama jarrabawa za ta fito ta ce sakinta aka yi, sai a ba ta shekara guda. Na yi mata rantsuwa ba zan faɗi wurin ba. Ta ce in aka mayar da ita gida, gara ta mutu da ta ga an goge rubutun ƙofar shagonka."

Mutumin ya zauna daɓas a ƙasa.

Ana cikin haka wani ruri ya taso daga bayan ginin, har gilasan taga suna karkarwa. Doguwa ta ɗaga kai.

"Ƙarar mece ce wannan?"

Kuku ce ta amsa daga bakin ƙofa, tana goge hannu da fara'arta. "Ruwa ya samu! Na sa an buɗe wa tanka tun ɗazu, har ta juye rabi. Yanzu direban ya ƙara wa injin wuta."

Ban taɓa jin ƙara irin wadda yarinyar nan ta ƙwalla ba, kuma ba na fatan in sake ji.

"Ku kashe! Ku kashe ruwan! Tana cikin tankin!"

Ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai ranar. Direban tankar yana can gefen kicin ya zura tiyo a bututun da ke shiga ƙasa, bai ma san inda murfin yake ba, ƙarar inji ta hana shi jin ihunmu. Mai Lambu ne ya riga kowa, ya fizge tiyon ya yar, ruwa ya yi ta feshi a tsakar fili. Murfin tankin yana bayan tarin itacen girki, na ƙarfe ne, an zura masa sakata ta waje an jibga itace a kai don kada a lura. Muka yi ta watsi da itacen da hannu. Sakatar ta cije. Baban Likita ya ɗauki wani guntun ƙarfe ya doke ta, duka ɗaya irin na wanda ya saba, ta fita fit.

Da aka ɗaga murfin duhu ne kawai da ƙarar ruwa yana tambal-tambal. Ga bargo yana yawo a sama, ga robar abinci, ga tocila a can ƙasa tana ci. Mahaifin ya kira ta da sunan da yake kiranta a gida.

"Auta! Auta!"

Shiru. Na ji Doguwa ta zube a bayana.

Mai Sawu ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashin bakin ramin. "Ga ta nan," ya ce. "A hankali, kada ku firgita ta."

Tana maƙale a ƙarfen tsani na sama, a lungun da haske bai kai ba. Ruwa ya kai mata haɓa, ta ɗaga fuska sama tana shaƙar ƴar iskar da ta rage, wani tsohon tabarau ɗaure da zare a fuskarta. Ta yi ta bugun murfin har muryarta ta dushe, inji ya hana a ji. Da hannu ɗaya ta riƙe tsanin. Ɗaya hannun kuwa a miƙe yake sama da kanta, ta tokare littafin Fiziks da rufin tankin don kada ya jiƙe.

Uban da Mai Lambu suka ciro ta. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, haƙora na haɗuwa. Na lulluɓe ta da mayafina ina murza mata ƙafafu, amma hannun nan ya ƙi saukowa, yatsun sun sandare a jikin littafin. Ta dubi mahaifinta, da ƙyar maganar ta fito.

"Baba, ban daina karatu ba. Ko a ciki ina yi."

Duk taurin raina sai da na juya baya. Malam ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Mahaifin ya kama hannun yana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya da hannuwansa masu tabon wuta, har littafin ya fita. Ya ajiye shi a kan itacen, ya saɓa ƴarsa a kafaɗa kamar jaririya, ya nufi motar asibiti.

Sufeto ya ce akwai sauran magana a kan kan Mai Lambu da aka fasa, da garin da aka tayar wa hankali, kuma gaskiyarsa ne. Mai Sawu ya karya reshensa biyu ya jefar, ya ce shi dai a taimaka masa da ruwa ya sha.

Na raka uban da ƴarsa har bakin ƙofa, inda motar asibitin ke jira a waje. Da aka buɗe, wani maƙwabcinsu da ke cikin taron ya hango su ya ɗaga murya da murna.

"Alhamdu lillahi! Baban Likita, an same ta?"

Mutumin ya tsaya. Yarinyar ta ƙanƙame wuyansa, na ga ta runtse ido.

"An same ta," ya ce. "In ka riga ni isa unguwa, ka ce wa yaran shago su goge rubutun nan. Baban Auta nake."